Kanya Biyar a Ƙololuwar Bishiya

Bok-sil, an kama shi. Kuma ba Babana ba ne, kin ji ko, ba Baba ba ne. Bari in gyara wa jaririya kwanciya in ba ki tun daga farko, don na san rabin labarin kawai ya iso muku Busan, kuma mummunan rabin.

Kin san bishiyar kanyar da ke bayan gidanmu, jikin katanga. Bana ta yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya, jajaye, kowace kamar dunƙulen hannu. Kwanana goma sha shida da haihuwa, ranar kasuwa, surukata ta tafi sayo ganyen teku na miyar jego, mijina Gi-tae yana masaƙa, ni kuma barci ya kwashe ni da rana tsaka. Surukata ta dawo ta tarar da bishiya tsirara.

Babana yana garin, a masaukin bakin tasha, yana jiran kwana ashirin da ɗaya su cika a cire igiyar haihuwa da ake ratayawa a ƙofa don hana baƙi shiga, ya ga jikarsa. Kin san sana'arsa, tura amalanken kayan marmari. Surukata ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ce mai sayar da kayan marmari ya zo gari, kayan marmari sun ɓace, me ya rage? Ta rantse ba zai tako gidan nan ba, ba zai ɗauki jikarsa ba. Ni ina ɗaki ina kuka, nono har ya fara ɗaukewa. Gi-tae ne ya hau keke ya kai ƙara caji ofis.

Da safe Sufeto Byon ya iso, gajere mai tumbi, da littafinsa a aljihu. Ya ɗaga ƙafa zai shigo, surukata ta tare ƙofa.

"Ba ka ga igiya ba? Ba ka ga gawayi da ganyen da aka soka a jikinta ba?"

"Inna, aikin hukuma ne."

"Hukumar ta jira kwana huɗu. Uwarka ba ta rataya maka igiya ba da ta haife ka?"

Haka Sufeto ya zagaya baya, aka ba shi turmi ya taka, yana bincike ta saman katanga. Ni na huda takardar taga da yatsa ina kallo.

"Inna, an share tsakar gidan nan jiya?"

"Da safe, kafin in fita."

"Shatin tsintsiya yana nan har gindin bishiya, ba sawun kowa. Sawun duk a waje yake, takalmin roba. Ɓarawon nan bai shigo ba."

"To ai surukin nawa ma ya san bai isa ya shigo ba."

Sufeto ya sauka, ya tafi masaukin Baba, Gi-tae na biye. Daga nan abin da zan faɗa miki daga bakin Gi-tae na ji.

"Malam Ok Du-man, ina kake jiya da rana?"

"Kasuwa, ranka ya daɗe."

"Wa ya gan ka?"

"Mutane da yawa."

"Ba ni sunan ɗaya."

Baba ya shiga murza hularsa. Sufeto ya duba amalanke, ya shinshina buhunan, babu komai sai ƙamshin tafarnuwa. Sai ya zaro wani ƙaramin farin tawul daga aljihun rigar Baba da ke rataye, irin wanda ake raba wa masu ɗaukar makara.

"Wannan fa? A kasuwa ake rabawa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ashe abokinsa na soja ne ya rasu a ƙauyen ƙetaren kogi, ya je ya ɗauki makara. Ya ɓoye ne don ya san wanda ya taɓa gawa ba a barinsa kusa da jariri. Ya gwammace a ce masa ɓarawo da a ƙara masa kwanakin jira. Ki ji fa, Bok-sil. Babana kenan.

Sufeto ya dawo bayan katangarmu, ya tsuguna yana tsintar ƙananan rassa.

"Gi-tae, dubi nan. Ba fizga aka yi ba. Da gora mai tsagaggen baki aka murɗe kowace, tare da ɗan guntun reshenta. Don me ake barin guntun reshe?"

"Don a ɗaura igiya a shanya."

"Mai sauri ya kai kasuwa ba ya wannan wahalar. Kuma bai karya reshen da zai yi 'ya'ya baɗi ba ko ɗaya." Ya ɗaga kai sama. "Inna, kanya nawa kike bari a ƙololuwa, rabon hankaka?"

Surukata ta amsa daga ciki, "Uku, kamar kowa."

"Biyar nake gani."

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda ake kira Matar Yechon, tana zaune tana tsinke barkono, kunnenta duk yana wajenmu. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutum ɗaya na sani mai barin biyar. Marigayiya matar Pyo. Ɗaya don kowane ɗanta da ya tafi Seoul. Tana cewa in ta ciyar da tsuntsun wani, wani zai ciyar da nata."

Kin tuna a hannun ɗan Tsoho Pyo surukata ta sayi gidan nan, shekara uku da suka wuce? Tsohon yana can a wani ɗan ɗaki bayan injin casar shinkafa. Sufeto ya same shi a bakin ƙofa, hannuwa a cikin hannun riga.

"Baba, ina wuni."

"Ɗan Byon mai facin keke? Kai ne ka yi wannan tumbin?"

"Ni ne, Baba. Ka fita jiya?"

"Da wannan ciwon bayan nawa? Sati guda ban taka ko bakin rijiya ba."

"Ka ji an yi sata a tsohon gidanka?"

"Ba ni da gida. Ɗana ya sayar, ya sayi motar haya."

Sufeto ya ciro taba ya miƙa masa da hannu biyu. Tsoho ya daɗe yana kallonta. Kwaɗayi ya fi ƙarfinsa, ya zaro hannu ya karɓa. Yatsun nan baƙi ƙirin har cikin farce, irin baƙin da ruwan ɗanyar kanya yake bari in an kwana ana fere ta. Kin san shi, hannun iyayenmu haka yake tun daga kaka har sabuwar shekara.

"Baba, in leƙa bayan ɗakin?"

"Leƙa mana. Tun kana ƙarami ba ka jin bari."

Gi-tae ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Kanya igiya goma sha tara a jere ƙarƙashin rufi, an fere kowace tsaf, rana na dukansu kamar fitilu. Ya ce sai da ya tuna gidan kakarsa. Ni ma da yake faɗa sai na ga barandarmu ta dā, ni da ke muna satar masu laushi ta ƙasa, mahaifiyarki na bin mu da ludayi.

Tsoho ya zauna a kan dutse ya kunna tabar.

"Matata ce ta ɗaura reshen da ya zama bishiyar nan da hannunta, shekarar da aka kawo ta. Daga gidan ubanta ta zo da shi, a soke cikin dankali don kada ya bushe. Watan gobe ne ranar tunawa da ita. Bara na sa mata kanyar kasuwa a kan teburin da ake jera wa mamaci abinci, na ji kunya. Biyar kawai na je cira. Da na ɗaga gorar, hannun ya ƙi tsayawa. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aikin. Kuma na ga sanyi na tafe, matar nan za ta bar su su ruɓe."

"Me ya hana ka sallama ka roƙa?"

"Da igiya a ƙofa? Ni ɓarawo ne, ba marar tarbiyya ba."

"An ɗora wa wani laifinka, Baba. An hana shi ganin jikarsa."

Nan ne tsoho ya kashe tabar. Ya ce wannan bai sani ba. Ya miƙe, ya sa hularsa, ya miƙa hannuwa biyu a sa ankwa. Sufeto ya ce ya bar ta a ofis, ya ɗora shi a bayan keke. Suka bi ta ƙofar gidanmu, tsoho ya sa aka tsaya, ya rusuna daga wajen igiya ya faɗi komai da bakinsa, aka wuce da shi caji ofis ya ba da bayani.

Da yamma surukata ta sa farar rigarta, ta je ta janye ƙarar. Ta ce a bar wa tsoho igiya biyu, sauran ya dawo da su in sun bushe, kuma duk kaka shi zai riƙa cire mana, tunda ya fi ta iyawa. Daga can ta wuce masaukin Baba. Ba ta ba shi haƙuri ba, kin san ta. Ta ce, "Suruki, ka ƙara kwana uku saboda makarar."

Yau suka cika. Ta watsa wa Baba gishirin kore sharrin makara har cikin kunne, sannan ta kama hannun rigarsa ta shigo da shi da kanta. Yana nan zaune tun hantsi da jaririya a cinya, ya ƙi ba kowa, miyarsa ta huce.

Don Allah ki karanta wa matan ɗakin ɗinki wannan, musamman Jom-sun, tunda ita ta fara kai muku wancan labarin. Ki ce mata ta kai wannan ma duk inda ta kai na farko.