Kwalbar Asibitin Kamfani

"Sakamakon ya fito, Zuciyata... ya yi sama sosai."

Tana tsugune kan bahon wanki Dogo ya shigo da rana tsaka, lokacin da ba ya dawowa. Ta bi mijin nata da ido, kumfa na zuba daga hannunta.

"Sama kamar yaya? Ai nawa ka kai musu!"

"Shi ne nake gaya miki."

A kamfanin da suke farfasa tsofaffin ƙwayayen lantarki, ana auna fitsarin ma'aikata don a ga yawan zaiba, gubar da ke cikin ƙurar ƙwayayen, da ta shiga jiki. Wanda nasa ya hau, a cire shi daga ɗakin injin, sau da yawa kuma shi ke nan, aiki ya tafi. Sai 'yan wayo suka ɓullo da dabara: a zo da na wani daga gida. Ranar da ya miƙo mata kwalbar har dariya ta yi, ta ce kai Dogo, soyayyar har ta kai nan?

Yanzu ta dubi rigar aikinsa cikin bahon. Akwai mai wanki a kamfanin, ita ce ta hana. Wai ba ƙaton da zai wanke wa mijinta kaya tana raye. Kullum sai ta kakkaɓe ƙurar a ɗakinsu kafin ta jiƙa.

Ta laluba zuciyarta, ba tsoro, ba fushi, wayam. Hannunta ne kawai ya koma kan cikinta, cikin da suka yi shekaru suna roƙo.

"Ki zage ni mana! Don Allah ki ce wani abu!"

"Miƙo min mayafina."

A asibitin kamfanin ya tsaya gaban nas, kai a ƙasa.

"Sista, ba nawa ba ne. Na matata ne."

"Ka san korarka za su yi?"

"Su kora. Ki duba min ita."

Nas ɗin ta dubi cikin. Ta ce sai an ga likita, ba wanda zai yi musu alkawari kan jaririn. Sannan ta miƙa wa Dogo sabuwar kwalba.

"Wanki kawai ta yi ya kai haka. Kai da ke cikin ƙurar fa? Kawo naka na gaskiya."

Ya karɓa, kwalbar na kaɗawa a hannunsa. Tun bara hannun ke wannan rawar in ya ɗauki kofi, matarsa na tsokanarsa wai tsufa ne ya zo da wuri. Ashe zaibar ce.

Matar ta kama hannun da nata biyu ta matse. Bai daina ba.