Takun Inna Hamsatu

Ranar da Habibatu ta fara ganin Mansir, roƙonta ya zo yi, kuma abin da ya roƙa babu namijin da ya taɓa nemansa wurinta. Tana zaune gindin tsamiyar ƙofar sakandaren maza, inda take sayar wa malamai nono, sai ga dogon saurayi ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

"Sannu da rana. Don Allah ki koya mini ɗaukar ƙwarya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Lafiyarka kuwa?"

Lafiyarsa ƙalau. Ɗan ajin ƙarshe ne, shekararsa ashirin da ɗaya, ɗan wani maɗinki a unguwar Gwallaga. Ajinsu ne zai yi wasan kwaikwayo a bikin samun mulkin kai, kuma tunda babu mata a makarantar, maza ke fitowa a mata. An yi ƙuri'a ta faɗa kansa: shi ne tsohuwa mai tallan nono, wadda ta ga zuwan Turawa tana yarinya, ga shi za ta ga tafiyarsu.

"Wato ku tsaya ku yi ta ƙarya, jama'a na kallo?" in ji ta.

"Kusan haka ne," ya ce. Ta yi dariya har da rufe baki da gefen mayafi.

Daga ranar, kullum aka tashi aji sai ya zo. Ta naɗa masa gammo, ta ɗora masa ƙwaryar da babu nono a ciki, ya yi taku uku ta zame. Wuyan Mansir kamar an dasa tabarya. Ta ce ya saki kafaɗa, ya daina kallon ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Da ya iya ɗaukar, sai ya tambaye ta yadda tsofaffi ke tafiya. Habibatu tsohuwa ɗaya ta sani ciki da waje, kakarta Inna Hamsatu, uwar mahaifinta, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Sai ta nuna masa tata tafiyar: jan ƙafar hagu da saniya ta taɓa takawa, tsayawa bayan 'yan taku, taɓa bakin ƙwarya da yatsu biyu, sannan ɗan tsaki kafin a ci gaba. Ba ta ce masa ta wace ce ba.

Shi yana kiranta Malamata, ita tana kiransa Goggona. Kafin wata biyu tsokanar ta zama so, kowa cikinsu ya sani.

"Malamata, in na gama jarrabawa zan turo manyana."

"Ka fara gamawa da ƙwarya tukuna," ta ce, amma ranar ba ta san yadda ta isa gida ba don daɗi.

Shekararta goma sha tara, ita kaɗai ke riƙe da gidan mahaifinta Malam Jalo a unguwar Ɗan Iya tun rasuwar uwarta. Ɗan baffanta Bakari ya daɗe da sa rai da ita, shi ne ya kai wa mahaifinta labari, ya kuma ƙara masa gishiri. Malam Jalo ba mai yawan magana ba ne.

"Namijin da zai ɗaura zane a bainar jama'a ba zai taka zaurena ba. Kin bar zuwa makarantar nan."

Ta ce to, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Bayan kwana huɗu maƙwabciyarsu Saudatu ta kawo mata takarda da rubutun ajami.

"Malamata, na ji abin da Baba ya ce. Ban ga laifinsa ba. In kin ce in ajiye wasan, gobe zan gaya wa malaminmu, ko da 'yan ajinmu za su daina yi mini magana. Ke nake so, ba tafi ba. Naki, Mansir."

Ta karanta sau uku. Ta san in ya ajiye, wataƙila Baba ya sauko. Ta kuma san mutum talatin sun yi wata biyu suna haddace magana, kuma babu wanda zai iya maye gurbinsa saura mako guda. Ta rubuta a bayan takardar:

"Goggona, ban sha rana ina koya maka don ka ajiye ba. Ka yi wasanka. Sauran mu bar wa Allah."

Ranar bikin, bayan la'asar, Bakari ya janyo Malam Jalo filin makarantar don ya ga abin kunyar da idonsa. Habibatu ta bi Saudatu suka tsaya can baya cikin mata. An haɗa tebura an yi dandamali, an rataya barguna a madadin labule. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Yaran da ta saba gani suna rigima kan cokali, ga su sun zama joji da alƙali da fatake, kuma mutane ɗari-ɗari sun yi tsit suna saurare.

Sai tsohuwa ta fito da ƙwarya a ka. Aka fashe da dariya, Bakari ya fi kowa. Tsohuwa ba ta kula ba. Ta ja ƙafar hagu, ta tsaya, ta taɓa bakin ƙwarya da yatsu biyu, ta yi ɗan tsaki. Dariyar ta yi ta raguwa har ta mutu.

Habibatu ta ƙura wa tsohuwar ido. Ita ta koya masa, ta san kowane taku, amma wallahi ba Mansir take gani ba. Inna ce ke tahowa daga kasuwa. Tsoro da mamaki suka cika ta, cewa ɗan Adam zai iya aro wanda ke cikin kabari ya tsayar da shi a gaban mutane. Can gaba ta hango mahaifinta ya miƙe tsaye shi kaɗai cikin waɗanda ke zaune. Ana ce masa ya zauna, bai ji ba. Da ya zauna, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, bai buɗe ba har aka gama.

A gida ya kira ta tsakar gida, bai dube ta ba.

"Wa ya koya masa?"

"Ni ce, Baba."

"Shekara uku ina ƙoƙarin tuna yadda Inna ke tafiya, abin ya ɓace mini. Ban gaya wa kowa ba." Ya gyara murya. "Ki ce ya turo manyansa."

Bayan jarrabawa Mansir ya sami aikin koyarwa, aka ɗaura aure a zauren Malam Jalo. Da jama'a suka watse, ango ya durƙusa gaban surukinsa. Habibatu tana bayan ƙofa tana ji.

"Sharaɗina ɗaya," in ji tsohon. "Tafiyar nan kada ka sake yin ta a gaban jama'a. Amma in Allah ya ba ku 'ya'ya, ka shiga ɗaki da su ka nuna musu, su san kakarsu."

"In sha Allahu, Baba."

Malam Jalo ya ɗora masa hannu a ka. "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Daga bayan ƙofa Habibatu ta ce amin a hankali.