Ɗigon da Ta Hana Shi

"Motar Dogo ba ta isa ba har yanzu!"

Manajan tasha ne ya faɗa, waya manne a kunnensa. La'asar ta yi, alhali tun azahar ya kamata motar ta sauke fasinja.

Biro ya suɓuce daga hannun Auta. Ta tsince shi, ta cusa a jaka.

Shekara biyu tana yanka wa fasinja tikiti a tagar nan, tana riƙe da wani sirri. Kafin takardar sunayen fasinja ta bar teburinta, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa wa kowa sauka lafiya, ta yi masa ɗan ɗigo da jan biro. Ba ta san su ba, ba su san ta yi ba. Hannu uku takardar ke bi kafin ta kai ga direba, saboda haka babu wanda ya gane mai ɗigon.

Yau ne kaɗai ta tsallake suna ɗaya. Na direban. Na Dogonta.

Da safe 'Yar Gayu, abokiyar aikinta, ta zungure ta. "Kin ga wadda ya ba kujerar gaba? Wai ita zai aura. Ke dai kina nan kina yanka tikiti!"

Kishi, kai, kishi! Har matar ta yi wa addu'a, amma shi ta hana shi.

Yanzu ga wayarsa a kashe. Maganar Yayanta ta dawo mata, wadda kullum yake korar Dogo da ita: "Ba zan ba direba ƙanwata ba, ta zauna jiran mugun labari."

"Babbar mota ce ta ƙwace," in ji manajan. "Suna asibiti..."

Ba ta san yadda ta isa ba. Yaya ne dai ya kai ta.

Dogo na kwance, kansa naɗe da bandeji. A gefensa matar kujerar gaba ke kuka. "Ke ce Auta? Ni ƙanwarsa ce. Ya kauce mana, shi ya ɗauki bugun."

Ƙanwarsa! Auta ta matsa kusa da gadon.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Sanyin idona... duba aljihuna."

Takardar ce, jini ya taɓa gefenta. A ƙasan sunayen, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, an sa: *Mai jan biro, ko wane ne.* Gabansa ɗigo biyu, shuɗaye.

"Wani bawan Allah ne ke yi mana," ya ce a hankali. "Na daɗe ina jin addu'a ce, shi ya sa kullum nake rama masa. Yau ya manta da ni. Na ce lallai yana cikin damuwa... sai na yi masa sau biyu."

Kuka ya ƙwace mata. "Ni ce, Dogo! Ba mantuwa ba ce, da gangan na yi! Ka yafe mini!"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe tafin hannunsa.

Ta laluba jaka, biron ya faɗo ƙasa ba ta gani ba.

Daga bakin ƙofa Yaya ya matso, ya tsince shi a ƙasa, ya miƙa mata.

"Yi masa ɗigon," ya ce. "Mijinki ne."