Juyen Da Auta Ta Yi

“Wa ya yi wa motar nan juyen baƙin mai?”

Tsohon bakaniken ne ya yi tambayar yana goge hannu da tsumma. Injin tasin na zube a kan buhu a tsakiyar gareji, gunduwa-gunduwa kamar kayan cikin akuya.

Auta ta buɗe baki...

“Ni ne,” Direba, saurayinta mai tasin, ya riga ta.

Ta juyo a razane. Ya ɗan girgiza mata kai, irin girgizar da ita kaɗai za ta gane.

“Kai? Kai da ka girma a cikin mota?” Bakaniken ya ja tsaki. “To ka kashe ta, ɗana. Baƙin man duk ya tsiyaye ta gindin filta, inji ya yi ta gudu a bushe har ya buga. Wannan ya wuce gyara, sai dai ’yan gwangwan.”

Auta ta zuba wa Direba ido. Ƙarya yake yi! Ita ta yi juyen, da hannayenta biyu.

Motar ce ma ta haɗa su tun farko. Shi yake kai ta makarantar koyon jinya, ita kuwa bakinta ba ya shiru. Me ya sa ake duba ruwan lagireto da safe? Wannan jar fitilar ta mece ce? Tun yana amsawa a gajarce har ya koma tsayawa gefen titi ya buɗe mata bonet. Ya koya mata zaro ma’aunin mai ta goge ta mayar, ya koya mata kafa jak da canza taya, da kankare farin datti a kan batir. Tana kiransa Malamina, yana kiranta Ɗalibata. Kafin su ankara, zancen ya tashi daga fulogi ya koma na aure.

Tasin nan kuwa ita ce komai nasa. Da ita yake ci da mahaifiyarsa, kuma saboda ita Yayan Auta, wanda ke riƙe da gidansu tun rasuwar babansu, ya yarda da ƙyar a sa rana. Shi ya sa ranar da zazzaɓi ya kwantar da Direba, Auta ta sayi mai da sabuwar filta, ta shimfiɗa kwali a ƙofar gidan su Direban ta shige ƙarƙashin motar. So take ya tashi ya ga an gama, ya yi alfahari da ita. Kuma ya yi, Allah sarki, har da tafa mata. Washegari ya ɗebi fasinjan tafiya mai nisa.

Suna fita daga garejin ta sha gabansa.

“Me ya sa ka yi ƙarya?”

“Share hawayenki, mutane na kallo.”

“Su kalla! Ni na kashe maka mota, Malamina, ni ce...”

“Saurare ni, Ɗalibata. Kin san Inna. Tun ranar da ta ga baƙin mai a farcenki take cewa macen kirki ba ta kwanciya a ƙarƙashin mota. In ta ji ke ce, wallahi ta samu abin da take nema. Ni kuwa ɗanta ne, faɗa za ta yi ta huce.”

“Yaya fa?”

Ya kawar da kai ya ci gaba da tafiya.

Ai kuwa Yaya bai ɓata lokaci ba. Yana zaune a falo da kwanon abinci a gabansa ya yanke hukunci, ko ɗago kai bai yi ba.

“An ɗaga ranar nan.”

“Yaya, don Allah...”

“Mutumin da ya kasa riƙe motar da yake ci da ita, shi zan damƙa wa ƙanwata? Yau ya bar mai ya tsiyaye, gobe ke zai bari ki bushe!”

“Ba shi ba ne!” Maganar ta kuɓuce mata. “Ni na yi juyen. Rufa mini asiri ya yi.”

Yaya ya ajiye cokali. Ya daɗe yana kallonta, fuskarsa ta ɗan saki.

“Ya ɗauki laifinki a gaban mutane?” Ya numfasa. “To da sauran mutunci a yaron. Amma mutunci ba ya cika tukunya, Auta. Ya samo abin yi, sai mu yi magana.”

Ɗan hasken da ta samu ke nan, ta rungume shi da hannu bibbiyu. Ba ta san akwai mai jiranta a gaba ba.

A gidan su Direba akwai ɗiyar ƙanwar Inna, wadda ake ce wa ’Yar Gayu, yarinyar da ko tsintsiya sai ta naɗe da ƙyalle take ɗauka. Ta daɗe da sa ido a kan ɗan uwan nata, tana so ya aure ta. Ranar juyen tana leƙe ta taga, har hoto ta ɗauka a wayarta. Ta kuwa iya ajiye magana, makira! Sai da ta ga Inna ta kai maƙura wurin kukan motar sannan ta matso ta miƙa mata wayar.

Da Auta ta je gaisuwa, a tsakar gida aka tsayar da ita. Ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba.

“Inna, ina wuni...”

“Da ban wuni ba kya gan ni? Wace ce wannan a ƙarƙashin motar ɗana?”

Auta ta kalli hoton. Ƙafafunta ne, da takalminta a gefe.

“Ni ce, Inna. Taimako na yi niyya, Allah ne shaidata...”

“Taimako! Ba ki shigo ba kin raba mu da abincinmu, ina ga kin shigo? Har kin koya wa ɗana yi mini ƙarya!”

“Inna, ki yi haƙuri, ita fa gwaninta ta so yi,” ’Yar Gayu ta sa baki da muryar tausayi, tana gyara ɗankwali.

Direba ya fito daga ɗaki da sauri ya durƙusa.

“Inna, ni na koya mata, laifina ne...”

“Rufe mini baki! Ka zaɓa. In ka auri yarinyar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba.”

Auta ta dubi Direba, ta ga yadda kafaɗunsa suka zube, ta san an gama. Ba ta ji haushinsa ba ko kaɗan, kanta ta tsana.

Ya sa kawunnansa sun roƙi Inna, ta ƙi. Ya yi kuka a gabanta, ta juya masa baya. A ƙarshe ya samu aikin tuƙa babbar mota a wani gari mai nisa, ya zo sallama da hantsi. A ƙofar gida ya same ta, kusa da motar Yaya, ta rame har idanunta sun faɗa.

“Ɗalibata...”

“Kar ka kira ni haka, zan mutu.”

“Ina sonki. Ko me za ki ji daga baya, ki riƙe wannan.”

Ta gyaɗa kai hawaye na zuba. Sai da ta haɗiye kukan sannan ta ce, “Abu ɗaya nake roƙo. Kullum ina juya abin a raina. Na ɗaure notin, na zuba man daidai, na duba ma’auni. A ina na yi kuskure?”

“Bar shi, Auta.”

“Don girman Allah ka nuna mini.”

Ya buɗe bonet ɗin motar Yaya, ya kama hannunta ya kai shi can ƙasa inda filta take.

“In kin kwance tsohuwar, akwai wata ’yar roba a bakinta. Wani lokaci sai ta maƙale a jikin inji. In kika ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu suka haɗu, inji na ɗaukar zafi mai zai ɓalle. Yatsa kawai za ki sa ki shafa wurin, ki tabbatar ta fito.”

Ta shafa. Ƙarfen da sanyi, kuma shafar ba ta kai ƙiftawar ido ba.

“Shi ke nan?” ta ce.

“Shi ke nan. Darasin da na ce sai bayan biki zan koya miki ke nan.”

Ya saki hannunta a hankali, ya rataya jakarsa. Ba ta iya juyowa ta ga tafiyarsa ba. Tana nan sunkuye a cikin bonet, yatsanta a kan ƙarfen, tana ta kuka har Yaya ya fito ya ce ta matsa zai fita aiki.