Turmin da Ba Shi da Mai Bugu

Dab da magariba Latifatu ta kai shayi ɗakin kiɗa, a gidan da take aiki a unguwar Abhur. Uwar ɗakinta Haifa ta dawo daga Ingila da wani salo. Wai can masu kaɗa ƙararrawa jeri suke bi, ɗaya bayan ɗaya, kowane zagaye maƙwabta biyu su musanya gurbi. Da yake babu ƙararrawa a nan, sai ta jera wa ɗalibanta turamen tagulla na dakan gahawa.

Ranar ɗaliba ɗaya ba ta zo ba.

"Yalla, maza tsaya mana a nan," in ji Haifa. "Ki bi wadda ta buga kafin ke."

Kiɗa da magariba! Latifatu ta so ta ƙi, amma iƙamarta, takardar izinin zamanta a ƙasar, na hannun masu gidan.

Kusa da turminta akwai wani tsohon turmi da aka tsinto a kasuwar Bab Makka, ba mai buga shi. Cikinsa kore shar, ga yauƙi, yana ƙarni kamar kifin da ya wuni a rana. 

Aka fara. Da ta buga nata, sai tsohon turmin ya amsa. Ba wanda ya taɓa shi, ba kuma wanda ya ɗago kai.

A zagaye na gaba, tsohon turmin ya riga ta bugawa.

Sun musanya gurbi.

Ta tsinci kanta cikin duhun turmin, yauƙi har leɓe, mai ɗumi, yana motsi. Can sama ga fuskarta tana leƙo ta, tana lasar baki.

"Na daɗe ina jira," in ji fuskar cikin raɗa.

In zagayen ya cika, abin da ya fito daga turmin zai matsa gaba da jikinta, ita kuwa ta dawwama a nan.

Ta buɗe baki za ta yi a'uziyya. Yauƙi ya cika shi.

Ta gwara goshinta da bangon tagulla.

Turmin ya yi ƙara ba a gurbinsa ba.

"Wa ya ɓata jeri?" Haifa ta daka tsawa. "Halas, ya isa, ku tsaya!"

Latifatu ta ga kanta durƙushe kan kafet, tana kelaya amai.

Ta dawo, amma ban da hannun dama. Ta dirje shi da lemon tsami har ya ɗaye, ƙarnin bai fita ba. Yanzu da cokali take cin abinci, a hannun hagu. Shi kuwa na daman, da magariba ta ƙarato sai ya ɗaga da kansa, yana jira jerin ya zo kansa.