Kifin Inna a Kasuwar Yelwa

"Wannan kifin ai ya kwana biyu, Baba... har wari yake yi!"

Zulai'atu ta faɗa tana yatsina fuska, alhali tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa kushe kayan wani ba.

Tsohuwar mai kifin banda ta ɗago kai a hankali.

"Mi kin ka ce, ɗiyata?"

Kafin ta maimaita, sai ga muryar Abdulrahman a bayanta.

"Inna! Ashe har kun haɗu?"

Inna?!

Zulai'atu ta zaro ido. Ta waiga tana neman Asama'u da ta rako ta, ko ƙeyarta babu.

Jiya Zulai'atu ta iso daga Kaduna, ta sauka gidan gwaggonta, da nufin yau da la'asar su je gaishe da mahaifiyar Abdulrahman, saurayinta tun suna makaranta. Dama Inna ta ce ita ba ta son 'yar birni, wadda hayaƙi kaɗan zai sa ta kuka. Da safe shi kuma ya haɗa Zulai'atu da Asama'u, 'yar kawunsa, ta zaga da ita gari. Bawan Allah, shi kaɗai ne bai san Asama'u ta daɗe tana sonsa ba.

Ita kuwa Zulai'atu akwai tambaya kamar 'yar jarida. A bakin babban tafkin garin ta tsaya kallon jiragen da ke isowa daga Ngaski da Shanga shaƙe da albasa da shinkafa. Wane tsibiri ne wancan? Da gaske akwai tsofaffin garuruwa a ƙarƙashin tafkin? Me ya sa mai kwale-kwale yake zama a can baya? Asama'u tana amsawa da murmushi, har ta jawo ta layin masu kifi.

"Mu nan in ba ki kushe kaya ba, sakarya ake ɗaukarki," ta raɗa mata. "Je ki gwada da waccan tsohuwa."

Ga inda gwajin ya kai ta.

"Zulai, masoyiya, lafiya? Me ya faru?" Abdulrahman ya tambaya a rikice.

"Kai, ba mu wuri," in ji Inna, ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗan fari ne, sunansa ma ba ta faɗa.

Ya ja da baya jiki a sanyaye.

Zulai'atu ta durƙusa a gaban faifan kifin, hawaye na zuba. Ta so ta ce turo ta aka yi, amma ai bakinta ne ya furta.

"Inna, ki yafe min... ƙarya na yi. Wallahi ban ma san yadda ake gane tsohon kifi ba."

"To mi ya sa kin ka ce yana wari?"

"Don kada a ce ni baƙuwa ce."

Inna ta ƙura mata ido. Ita kuwa, duk da kukan, idonta ya maƙale a kan faifan. Hali dai ba ya ɓuya.

"Inna... me ya sa ake lanƙwasa shi haka, kai ya haɗu da wutsiya?"

Wata mai kifi a gefe ta tuntsire da dariya. "Tana kuka tana tambaya!"

Inna ta ɗauki tarwaɗa guda, ta nuna mata tsinken da ya riƙe ta.

"Don kada ta karye in ana juyawa bisa wuta. Shinshina."

Ta shinshina. Ƙamshi ne mai daɗi, har yawunta ya tsinke.

"Da wane itace ake bandar? Tun yaushe kike yi? Wa ya koya miki?"

"Ke, ɗaya-ɗaya! Taso ki zauna nan."

Ta gusa mata a kan tabarma. Zulai'atu ta zauna a ɗarare, kunya kamar ta nutse.

Sai Inna ta ɗaga murya wajen buhunan albasa.

"Asama'u! Hito, tun ɗazu ina ganin gyalenki. Ke da kin ka girma gabana, ke za ki turo a zagi sana'ata?"

Asama'u ta fito tana sunkuyar da kai, ta sulale ta bar kasuwar.

Har azahar Zulai'atu na nan, tana jera kifi tana tambaya, Inna na amsawa tana ƙunshe dariya. Abdulrahman dai yana can tsaye a rana, babu wanda ya ce masa ya zauna.

Can Inna ta dube shi ta wutsiyar ido.

"Kai, tsayuwar mi kake? Tahi ka gaya ma kawunnanka su shirya zuwa Kaduna. Ita ko ka bar min ita nan, ba mu gama ba."