Lambarsa a Kan Ƙusata

"Na mayar masa da zoben, Yaya! Me kuma kuke so in yi?"

"Ki daina kuka a gaban mutane, Auta," in ji yayanta, yana karkaɗe ƙura daga rigarsa. "Abba ya yi miki gata. Mutumin da nakiya ta riga ta cinye masa kunne ɗaya? Gobe kuma me za ta ci?"

Ta juya ga kwamfutarta, idanunta sun yi jawur.

A gida Auta ce, a nan filin gwaji kuwa Injiniya. Katanga suka gina can tsakiyar fili, irin wadda za a kewaye wata makaranta da ke maƙwabtaka da wurin fasa dutse. Yau za su tayar da nakiya a gabanta, na'urorin da aka liƙa a jikinta su auna ƙarfin iskar da za ta doke ta. Ita ke karanta awon. Mai liƙa na'urorin kuwa shi ne wanda take kira Kurmana, tun ranar da ya ce mata, "In za ki zage ni, tsaya ta hagu. In za ki ce kina sona, zagayo ta dama."

Shi ta miƙa wa zobensa da safen nan. Ya karɓa, ya ɗauki wayoyinsa ya nufi fili.

Yaya kuma ya biyo ta har wurin aiki don ya tabbatar.

Jiniya ta ɗauki kuka.

"Injiniya, duba allo, ki kawo makulli," in ji Oga, shugaban filin.

Doka ce a wurin. Duk mai shiga fili zai rataye lambarsa ta ƙarfe a jan allo, in ya fito ya mayar da ita kan kore. Ba a murɗa makullin tayarwa sai jan allo ya zama wayam, kuma makullin a wuyanta yake.

Ta duba. Jan allo babu lamba ko ɗaya.

Ta dubi kore...

Lambarsa na nan, a kan ƙusarsa.

Tun da suka fara soyayya bai taɓa rataye ta a can ba. Kullum a kan ƙusarta yake ɗora ta, bisa tata, har ma'aikata na tsokanarsu wai lambobin sun riga su tarewa.

"Wa ya ga fitowarsa?" ta tambaya.

Ɗan Gayu, abokin aikinsu kuma aminin Yaya, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu, wanda kuma Abba da Yaya ke so ta aura, ya yi wani murmushi. "Haba Injiniya. Mutumin da kika kora da safe, a kan ƙusarki kike so ya kwana? Ya yi zuciya ya tafi, ko jakarsa babu."

Maganar ta soke ta. Watakila gaskiya ne. Watakila wannan ce amsarsa, ya raba lambobin kamar yadda ta raba zukatan...

"Makulli, Injiniya. Rana na yi," Oga ya ce.

Ta zura makullin a ramin.

Sai idonta ya sauka kan kwamfuta. Layin na'urar da ke ƙasan katanga, wanda ya kamata ya kwanta shiru, ya ɗan yi tsalle. Ya kwanta. Ya sake yin tsalle.

Haka yake yi in ya gama ɗaura waya. Yakan ƙwanƙwasa na'urar da yatsa don ta gani daga nan.

"Iska ce," Ɗan Gayu ya yi saurin cewa.

"Iska ba ta da yatsa!"

Ta fizge makullin ta banke ƙofar ɗakin awon, ta nufi fili.

"Auta! Ke Auta, dawo nan!"

Ina! Takalminta ɗaya ya fice, ba ta waiwaya ba. Tsakuwa na yanka ƙafarta, mayafinta ya tafi da iska, tana gudu tana kiransa, tana kuka, ta san kuma ba zai ji ba.

A durƙushe ta same shi a gindin katangar, nakiyar na gabansa kaɗan. Ya toshe kunnen dama da abin toshewa, ya bar mataccen a buɗe.

Ya ɗago ya ganta, ya cire abin a hankali.

"Wayar ce ta tsinke," ya ce. "Na ce ko ba ni da rabo a wurinki, kada awonki ya lalace. 'Ya'yan mutane ne za su zauna bayan katangar nan."

"Ba ka ji jiniya ba?"

"Wace jiniya? Ai lambata na kan jan allo."

Ta zube a gabansa.

"Saura ƙiris in kashe ka da hannuna... Kurmana, da hannuna!"

"Ya isa, sanyin idona. Ga ni."

Oga da Yaya suka iso suna haki, Ɗan Gayu na jan ƙafa a baya.

"Wa ya taɓa lambarsa?" Oga ya daka tsawa.

Ɗan Gayu ya ce, "Na... na ɗauka ya tafi ne, wallahi, shi ya sa na mayar da ita kan kore. So nake kawai ta ga ya haƙura..."

"Ka tattara kayanka ka bar min fili!"

Yaya ya tsaya yana kallon amininsa, ya kalli nakiyar, sannan ya kalli ƙafar ƙanwarsa da ke zubar da jini.

"Kun ce aikinsa ne zai kashe shi," ta ce. "Yau wanda kuka zaɓar min ne ya kusa."

"Auta, mu je gida tukuna, a yi magana..."

"Za a yi, ni da kaina zan durƙusa gaban Abba."

Ta miƙe, ta share hawayenta. Ta zagaya ta daman Kurman nata, ta miƙa masa tafin hannu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ba ni zobena. Kai zan aura, kuma daga yau ni ce kunnenka na hagu!"